George Washington: Janar ɗin da ya sha kaye da dama amma ya ci yaƙi

Sunan George Washington aka raɗa wa babban birnin Amurka, hotonsa ne kuma ke jikin takardar dala ɗaya. Galibin mutane sun san shi ne a matsayin shugaban ƙasar na farko.

Amma kafin ya hau wannan kujera, sai da ya shafe shekara takwas da rabi yana jagorantar dakarun da suka yaƙi Birtaniya domin neman 'yancin kai. Idan aka ƙirga manyan gumurzun da ya jagoranta da kansa, za a tarar waɗanda ya sha kaye a cikinsu sun fi waɗanda ya ci yawa. An kore shi daga New York, an ƙwace Philadelphia a gabansa, kuma babbar nasarar da ta sauya alƙiblar yaƙin wani janar ne daban ya samo ta.

Abin da ya iya, wanda abokan gabarsa suka kasa hana shi, shi ne riƙe runduna. Duk lokacin da aka zaci ta watse, sai a wayi gari a ganta a wani wuri.

Mai awon ƙasa

An haifi George Washington ranar 22 ga watan Fabrairun 1732 a Virginia, ɗaya daga cikin yankuna 13 da Birtaniya ke yi wa mulkin mallaka a gabashin Amurka ta Arewa. Mahaifinsa Augustine manomin taba ne mai rufin asiri, kuma mai bayi. Ya rasu lokacin da George ke da shekara 11, abin da ya sa yaron bai samu zuwa karatu Ingila ba kamar yadda yayyensa suka yi.

Yana da shekara 17 ya zama safiyo, yana yawo cikin dazuzzuka yana awon filaye. A 1751 ya raka yayansa Lawrence tsibirin Barbados neman lafiya, inda shi kansa ya kamu da cutar agana. Ya warke da 'yan tabo a fuska, kuma cutar ba ta sake iya kama shi ba. Wannan ita ce kaɗai tafiyar da ya taɓa yi zuwa ƙetare.

Aikin soja ya fara shi ne a ƙarƙashin tutar Birtaniya, kuma da ƙafar hagu ya fara. A watan Mayun 1754 ya yi wa wata ƙaramar tawagar Faransawa kwanton ɓauna a yankin kogin Ohio, aka kashe shugabanta. Bayan 'yan makonni Faransawa suka ritsa shi a wani sansanin katako da ake kira Fort Necessity, ya miƙa wuya. Wannan arangama na cikin abubuwan da suka kunna wutar yaƙin shekara bakwai tsakanin Birtaniya da Faransa.

Shekara guda bayan haka yana tare da Janar Edward Braddock lokacin da Faransawa da ƙawayensu 'yan asalin nahiyar suka ragargaza rundunar Birtaniya kusa da kogin Monongahela. An harbe dawakai biyu da yake kai, harsasai huɗu suka huda rigarsa, amma ko ƙwarzane bai samu ba. Ya nemi a ba shi cikakken muƙami a rundunar sarki, aka hana shi, domin hafsoshin London ba su ɗauki ɗan mulkin mallaka a bakin komai ba. Wannan raini bai manta da shi ba.

A 1759 ya auri Martha Custis, wata attajira da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu da dukiya mai yawa. Ya koma gidan gonarsa na Mount Vernon a bakin kogin Potomac, yana noma yana kuma wakiltar jama'arsa a majalisar Virginia.

Daga haraji zuwa bindiga

Birtaniya ta ci yaƙinta da Faransa a 1763, amma ta fito da bashi har wuya. Sai majalisar dokokin London ta fara ɗora wa yankunan Amurka haraji, kan takardu a 1765, daga baya kan shayi da wasu kayayyaki. Mazauna yankunan suka ce ba za su biya harajin majalisar da ba su da wakili a cikinta ba. A watan Disambar 1773 masu zanga-zanga suka zubar da akwatunan ganyen shayi 342 a tashar jiragen ruwan Boston, London kuma ta mayar da martani da rufe tashar.

Ranar 19 ga watan Afrilun 1775 aka yi harbin farko a garuruwan Lexington da Concord. Bayan wata biyu majalisar wakilan yankunan da ke zama a Philadelphia ta naɗa Washington babban kwamanda. Ƙwarewar soja ba ita kaɗai ta sa aka zaɓe shi ba. Faɗan ya ɓarke ne a arewa, ana kuma bukatar mutumin kudu daga Virginia, yanki mafi yawan jama'a, domin kada a ɗauki yaƙin a matsayin rigimar mutanen Boston. Ya karɓi aikin bisa sharaɗin ba zai karɓi albashi ba, sai dai a biya shi abin da ya kashe.

Kafin ya isa fagen daga an riga an gwabza a Bunker Hill, inda Birtaniya ta ƙwace tudun amma ta yi asarar sojoji sama da 1,000 tsakanin matattu da masu rauni. Abin da ya tarar a wajen Boston taron manoma ne da 'yan kasuwa, kowane rukuni da shugabansa, ga ƙarancin albarushi da ya kai sai da aka ɓoye maganar don kada abokan gaba su ji.

Mafita ta zo ne daga hannun Henry Knox, wani mai sayar da littattafai da ya koyi aikin igwa daga karatu. Cikin tsananin sanyi ya janyo manyan bindigogi 59 daga sansanin Ticonderoga, tafiyar kusan kilomita 480 a kan ƙanƙara. A dare ɗaya cikin watan Maris na 1776 aka girke su a kan tuddan Dorchester da ke kallon birnin. Da Janar William Howe ya ga haka, sai ya kwashe dakarunsa ya bar Boston ta ruwa ranar 17 ga watan.

New York

Murnar ba ta daɗe ba. A watan Yulin 1776, daidai lokacin da majalisa ta ayyana 'yancin kai, jiragen ruwan Birtaniya suka fara cika mashigin New York. Sun kawo dakaru kimanin 32,000, ciki har da sojojin haya daga ƙasashen Jamus, waɗanda aka fi sani da 'yan Hesse.

New York tsibirai ne da koguna, kuma wanda ba shi da jiragen yaƙi ba shi da yadda zai kare shi. Duk da haka Washington ya tsaya, ya kuma raba rundunarsa gida biyu, kuskuren da ya kusa kawo ƙarshen komai. Ranar 27 ga watan Agusta Howe ya bi ta wata hanya da aka bari babu tsaro a Long Island, ya ɓullo wa Amurkawa ta baya. Suka tarwatse, suka koma tudun Brooklyn, ruwa a bayansu, abokan gaba a gabansu.

Da Howe ya kai farmaki a wannan rana, mai yiwuwa da tarihin Amurka ya zama daban. Sai ya zaɓi ya yi musu ƙawanya a hankali, watakila don tuna abin da ya gani a Bunker Hill.

A daren 29 ga wata Washington ya tara duk wani kwale-kwale da ke kogin. Masunta daga Massachusetts suka yi ta kai da kawo cikin duhu, ba fitila ba hayaniya, yayin da aka bar wutar sansani tana ci domin yaudara. Gari ya fara wayewa ba a gama ba, sai hazo mai kauri ya sauko ya rufe kogin. Kafin ya washe an tsallakar da mutum kimanin 9,000 da dawakansu da mafi yawan bindigoginsu. Shi kansa yana cikin na ƙarshe da suka bar gaɓar.

Daga nan kaye ya yi ta bin kaye. An kore shi daga Manhattan, an tura shi baya a White Plains, sannan a watan Nuwamba sansanin da ke ɗauke da sunansa, Fort Washington, ya faɗi da sojoji kusan 3,000 a ciki. Ya yi ta jan ƙafa kan ko a kwashe su, har lokaci ya ƙure. Laifin wannan asara ba a iya ɗauke masa shi.

Amma a wannan kaka ne ya fahimci irin yaƙin da yake yi. Ya rubuta wa majalisa cewa dole a guji babban karon da zai jefa rundunar gaba ɗaya cikin haɗari. Lissafin shi ne, Birtaniya na bukatar ta murƙushe tawayen ne kafin ta ce ta yi nasara, alhali Amurkawa wanzuwa kawai suke bukata har London ta gaji da kashe kuɗi a ƙasar da ke bayan teku. Hausawa kan ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Sai dai ga mutum mai zafin zuciya irin Washington, wanda a ɗabi'arsa ya fi son kai hari, wannan darasi ne mai ɗaci da bai taɓa haɗiye shi gaba ɗaya ba.

Daren Kirsimeti

A farkon Disambar 1776 ya tsallaka kogin Delaware zuwa Pennsylvania da 'yan dubban sojoji, da dama ba takalmi. Majalisa ta tsere daga Philadelphia zuwa Baltimore. Wa'adin aikin galibin sojojinsa zai ƙare ranar 31 ga wata, kuma babu alamar za su sabunta.

A daren 25 ga Disamba ya sake tsallako kogin da mutum 2,400 da igwa 18, cikin guguwar ƙanƙara, manyan dunƙulen ƙanƙara na bugun kwale-kwalen. Wasu rukunoni biyu da aka shirya za su tsallaka ta wasu wurare sun kasa. Da safe ya faɗa wa sojojin Hesse da ke garin Trenton. Cikin ɗan lokaci aka harbi kwamandansu Kanar Johann Rall, aka kama kimanin 900. A ɓangaren Amurka 'yan kaɗan ne suka jikkata, cikinsu har da wani matashin hafsa, James Monroe, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na biyar.

Ya roƙi sojojinsa su ƙara mako shida, da alkawarin dala 10 ga kowa, kuma da yawa suka amince. Da Lord Cornwallis ya taso masa da babbar runduna ya ritsa shi a bakin wani rafi, sai ya sake barin wuta na ci, ya zagaye shi cikin dare, ya ci wata rundunar Birtaniya a Princeton ranar 3 ga watan Janairun 1777.

Ta fuskar yawan dakaru waɗannan ƙananan faɗace-faɗace ne. Amfaninsu shi ne sun nuna wa manomin New Jersey da ya fara tunanin yin mubaya'a ga sarki cewa zancen bai ƙare ba.

A wannan hunturu ya ɗauki wani mataki da ba a cika ambatonsa ba. Agana na kashe sojoji fiye da harsashi, don haka ya ba da umarnin a yi wa rundunar lamba irin ta wancan zamani, wato a tsaga fata a sa ɗan ruwan ƙurjin mai cutar. Wanda aka yi wa yakan kwanta makonni, don haka aka yi abin a asirce, rukuni-rukuni.

Nasarar wani, sanyin Valley Forge

Shekarar 1777 ba ta yi masa kyau ba. Howe ya sake zagaye shi a Brandywine ranar 11 ga Satumba, ya shiga Philadelphia bayan mako biyu. Harin da Washington ya kai Germantown a farkon Oktoba ya rikice cikin hazo, har wasu dakarunsa suka yi ta harbin junansu.

A can arewa kuwa, Janar John Burgoyne da ya taso daga Kanada da niyyar raba yankunan gida biyu ya maƙale a dazuzzukan New York. Ranar 17 ga Oktoba ya miƙa wuya a Saratoga da dakaru kusan 6,000 ga Janar Horatio Gates, ko da yake Benedict Arnold na cikin waɗanda suka yi ainihin faɗan. Nan take wasu hafsoshi da 'yan majalisa suka fara raɗe-raɗin a sauke Washington a naɗa Gates. Maganar ta mutu bayan da wasiƙun masu ƙulle-ƙullen suka fito fili.

Saratoga ce ta gamsar da Faransa, wadda ta daɗe tana taimakawa da makamai a ɓoye, cewa tawayen zai iya kai labari. A watan Fabrairun 1778 ta ƙulla ƙawance da Amurka. Spaniya ta shiga yaƙin a 1779, Holland kuma a 1780. Tun kafin yarjejeniyar Faransa, a watan Disambar 1777, Sarkin Maroko Sidi Muhammad bin Abdullah ya buɗe tashoshinsa ga jiragen Amurka, abin da ya sa ake lissafa ƙasarsa cikin na farko da suka amince da sabuwar ƙasar.

Yayin da hafsoshin Birtaniya ke hutawa a gidajen Philadelphia, Washington ya kai mutum kimanin 12,000 wani fili da ake kira Valley Forge, kilomita 30 daga birnin. Suka gina bukkokin katako. Abinci ya yanke, ba don babu shi a ƙasar ba, sai don manoma sun fi son sayar wa Birtaniya da ke biya da zinariya da azurfa, maimakon kuɗin takardar majalisa da darajarsa ke zubewa kullum. Kimanin sojoji 2,000 suka mutu, galibi saboda cututtuka.

Washington bai bar sansanin ba. Yana da ikon ƙwace abinci da ƙarfin bindiga, amma ya yi ta taka-tsantsan wajen amfani da shi, yana ta aika wa majalisa da gwamnoni wasiƙu. A nan ne kuma wani tsohon hafsan Prussia, Baron von Steuben, wanda bai iya Turanci sosai ba, ya zaɓi mutum kimanin 100 ya koya musu fareti da amfani da wuƙar bakin bindiga, su kuma suka koya wa sauran.

An ga amfanin horon a Monmouth ranar 28 ga watan Yunin 1778, cikin zafin da ya kashe sojoji da dama a ɓangarorin biyu. Mataimakinsa Charles Lee ya ba da umarnin ja da baya, Washington ya iso a fusace ya tsayar da masu gudu, suka yi tsayin daka har dare. Babu wanda ya yi rinjaye, amma wannan ne babban karo na ƙarshe a arewa.

Shekarun jira

Sama da shekara uku bayan Monmouth, Washington bai sake jagorantar wani babban faɗa ba. Yana zaune a kewayen New York yana gadin rundunar Janar Henry Clinton. A 1779 ya tura Janar John Sullivan ƙasar ƙabilun Iroquois da ke goyon bayan Birtaniya, da umarnin a lalata matsugunansu. An ƙone garuruwa sama da 40 da gonakinsu, dubban mutane suka shiga hunturu babu abinci.

Birtaniya ta karkata kudu. Ta kama Charleston a watan Mayun 1780 da sojojin Amurka kimanin 5,000, asara mafi girma da suka yi a duk yaƙin. A watan Agusta Cornwallis ya ragargaza Gates a Camden, gwarzon Saratoga ya tsere a kan doki. A watan Satumba aka gano Benedict Arnold, wanda Washington ya amince da shi ƙwarai, na shirin sayar wa Birtaniya sansanin West Point. A watan Janairun 1781 sojojin Pennsylvania da na New Jersey suka yi bore kan rashin albashi. An sasanta da na farko, na biyun kuma ya sa aka harbe biyu daga cikin jagororinsu.

Abin da ya yi daidai a wannan lokaci shi ne zaɓen Nathanael Greene ya karɓi kudu. Greene ya yi ta jan Cornwallis cikin ƙasa yana gajiyar da shi. Daniel Morgan ya murƙushe wani reshen rundunar Birtaniya a Cowpens, sannan a Guilford Court House, a watan Maris, Cornwallis ya ci filin amma ya rasa sama da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanensa. Daga nan ya nufi Virginia, ya kafa sansani a wani ƙaramin gari na bakin ruwa, Yorktown.

Yorktown

Zuciyar Washington na kan New York, inda aka kunyata shi. Kwamandan Faransa, Comte de Rochambeau, wanda ya iso da dakaru kimanin 5,500 a 1780, yana ganin birnin ya fi ƙarfinsu. A tsakiyar Agustan 1781 labari ya zo cewa rundunar ruwan Faransa ƙarƙashin Admiral de Grasse ta taso daga yankin Caribbean zuwa mashigin Chesapeake a Virginia, kuma ba za ta wuce tsakiyar Oktoba ba. Washington ya ajiye burinsa ya bi shawarar ƙawayensa.

Aka gina tandunan gasa burodi a New Jersey domin Clinton ya zaci ana shirin yi wa New York ƙawanya, rundunonin biyu kuma suka sulale kudu. A hanya Washington ya biya Mount Vernon, karo na farko cikin sama da shekara shida.

Faɗan da ya yanke hukunci an yi shi ne a teku, kuma babu sojan Amurka ko ɗaya a cikinsa. Ranar 5 ga Satumba jiragen Faransa 24 suka tare na Birtaniya 19 a bakin Chesapeake, suka tilasta musu komawa New York. Hanyar tsira ta rufe wa Cornwallis. Marquis de Lafayette, matashin Bafaranshen da Washington ya ɗauka tamkar ɗa, ya riga ya tsare shi ta tudu, yana samun bayanai daga James, wani bawa da ya shiga sansanin Birtaniya a matsayin ɗan leƙen asiri.

A ƙarshen Satumba dakarun ƙawance kimanin 17,000 suka kewaye garin. Injiniyoyin Faransa, waɗanda suka ƙware a wannan fanni, suka tsara haƙa ramuka ana matsawa gaba kaɗan-kaɗan, igwa na ruwan wuta dare da rana. A daren 14 ga Oktoba aka ƙwace wasu ganuwoyi biyu, Faransawa suka ɗauki ɗaya, Alexander Hamilton ya jagoranci Amurkawa zuwa ɗayar. Cornwallis ya yi yunƙurin tsallaka kogin York cikin dare, irin yadda Washington ya yi a Brooklyn, amma guguwa ta tarwatsa kwale-kwalensa.

Ranar 19 ga watan Oktoban 1781 dakaru kimanin 8,000 suka ajiye makamai. Cornwallis ya ce ba shi da lafiya, ya turo mataimakinsa Charles O'Hara, wanda ya fara nufar Rochambeau da takobin. Bafaranshen ya nuna masa Washington, shi kuma ya nuna masa nasa mataimakin, Benjamin Lincoln, mutumin da ya miƙa wuya a Charleston.

Birtaniya na da sauran dubban sojoji a New York da Charleston, amma majalisar London ta gaji. Gwamnatin Lord North ta faɗi a watan Maris na 1782, aka kuma sa hannu kan yarjejeniyar Paris ranar 3 ga watan Satumban 1783. An ƙiyasta cewa sojojin Amurka kimanin 25,000 ne suka mutu, mafi yawansu saboda cuta ko a jiragen da Birtaniya ta mayar kurkuku.

Ajiye takobi

Haɗari na ƙarshe daga cikin gida ya taso. A watan Maris na 1783, a sansanin Newburgh, hafsoshin da suka shekara da shekaru ba a biya su ba suka fara zancen juya wa majalisa baya. Washington ya shiga taronsu ba zato. Jawabinsa bai sauya fuskokinsu ba, har sai da ya zaro wata wasiƙa zai karanta, ya kasa, ya ɗauko tabarau, wanda galibinsu ba su taɓa ganinsa da shi ba, ya nemi afuwa da cewa furfura da raunin ido sun same shi a bakin aikin ƙasa. An ruwaito cewa wasu sun zubar da hawaye, maganar bore kuma ta mutu a nan.

Ranar 23 ga Disambar 1783 ya tsaya gaban majalisa a Annapolis ya mayar da takardar naɗinsa, ya hau doki ya koma gona. A zamanin da aka saba ganin janar mai nasara ya zarce kan karaga, abin ya ba Turai mamaki.

An sake kiransa ya shugabanci taron tsara kundin tsarin mulki a 1787, aka kuma rantsar da shi shugaban ƙasa a New York ranar 30 ga watan Afrilun 1789. Ya yi wa'adi biyu, ya sauka a 1797 duk da babu dokar da ta hana shi ci gaba a lokacin.

Waɗanda 'yancin bai kai gare su ba

Lokacin da yaƙin ya fara, kusan mutum rabin miliyan daga cikin miliyan biyu da rabi da ke yankunan bayi ne. Da farko Washington ya hana ɗaukar baƙaƙen fata aikin soja. Ya sassauta ne bayan da gwamnan Birtaniya a Virginia, Lord Dunmore, ya yi shelar 'yanta duk bawan 'yan tawaye da ya koma ɓangaren sarki. A ƙarshe kimanin baƙaƙe 5,000 suka yi yaƙi a ɓangaren Amurka, dubbai kuma suka gudu wajen Birtaniya.

Daga cikin masu gudun har da bayinsa. A 1781 kaɗai mutum 17 suka bar Mount Vernon suka hau wani jirgin yaƙin Birtaniya. Bayan yaƙi ya gana da kwamandan Birtaniya Sir Guy Carleton ya nemi a mayar wa Amurkawa bayinsu, Carleton ya ƙi, ya kwashe kimanin 3,000 zuwa Nova Scotia a Kanada.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Harry Washington, wanda aka kamo daga Afirka ta Yamma, Washington ya saye shi a 1763, ya yi masa aikin kula da dawakai. Ya tsere a 1776, ya yi wa Birtaniya aikin soja, sannan a 1792 ya shiga ayarin da ya koma Saliyo ya kafa Freetown. A 1800 yana cikin mazauna garin da suka yi wa kamfanin Birtaniya da ke mulkinsu tawaye kan harajin filaye, aka kore shi daga garin.

George Washington ya rasu a Mount Vernon ranar 14 ga watan Disambar 1799, yana da shekara 67, bayan ciwon maƙogwaro na kwana biyu da likitoci suka yi ta ɗibar jininsa da sunan magani. Bai haihu ba. Akwai bayi 317 a gonar a wannan shekara, 123 daga ciki nasa ne, kuma ya bar wasiyyar a 'yanta su bayan mutuwar matarsa. Martha ba ta jira ba, ta sake su a farkon 1801. Galibin sauran na gadon mijinta na farko ne, kuma bayan rasuwarta a 1802 aka raba su tsakanin jikokinta.